Mirriya: damo sarkin haƙuri da sunan aro

Duk wanda ya bar Damagaram da sassafe ran Lahadi, ya kama babbar hanyar kwalta da ta nufi Gure da Difa, ba zai rasa abokan tafiya ba. Motocin haya cike da fasinja, da amalanken shanu, da jakuna, da ƴan kabu-kabu, duk wuri guda suka dosa, domin ranar ce kasuwar Mirriya ke ci. Tsakanin birnin da garin kilomita 18 ne kacal, amma a cikin wannan ƴar tazara ƙasa takan sake kama. Manyan duwatsun nan da suka kewaye Damagaram, waɗanda sai ka ce da hannu aka ɗora wani bisa wani, su riƙa ja da baya. Gonakin hatsi su buɗe, itatuwan gawo su yi tsaitsaye a cikinsu. Can gaba kuma a hango duhun dabino da mangwaro da tsamiya. Wannan duhun itatuwa shi ne Mirriya.

Garin tsoho ne. Yana cikin ƙasashen Sosebaki da suka daɗe suna bin Barno, kafin sarakunan Damagaram su yi ƙarfi a ƙarni na 19 su mamaye maƙwabtansu, musamman a zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884. Bajamushen nan mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdul Karim, ya ratsa Mirriya a ƙarshen watan Disamba na 1852 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, kuma tsamiyoyin garin na cikin abin da ya ja hankalinsa. Har gobe abin da ke riƙe da Mirriya bai sake ba: ruwa yana kusa da ƙasa a cikin fadama, saboda haka garake ba su mutuwa da rani. Ana noman albasa, da tumatir, da salati, da rogo, da rake a ƙarƙashin inuwar itatuwan marmari. Yumɓun wurin kuwa shi ya ba garin sunan da ya yi wajen ginin tukwane, da tuluna, da randuna, waɗanda ake jerawa ran kasuwa kamar an yi shuka da su.

Baƙon da ya gaji da hayaniyar kasuwa, in ya bi lungu ya gangara wajen garake a lokacin kaka, bayan an yanke hatsi, yana iya cin karo da abin da ya zama ruwan dare a karkarar ƙasar Hausa: yara uku ko huɗu, da kare, da wata dabba mai kama da ƙaton ƙadangare an ɗaure ta da igiyar kaba a ƙugu. Launinta toka-toka ne da ɗigo-ɗigon rawaya a gadon baya, kanta gajere ne mai faɗi, tana kumbura jiki tana huci kamar zugazugin maƙera. Idan aka yi katari akwai ɗan lakwal da ya zo daga birni a wurin, ga irin zancen da kan gudana tsakaninsa da dattijo mai garka:

«Baba, ai wannan shi ne iguane.»

«A'a, ɗana, can a lakwal ne kuke ce mishi haka. Nan kam damo ne, tun kaka da kakanni.»

Dattijon ne ke da gaskiya, ko da yake yaron ma ba daga kansa ya ƙago ba. A Faransancin da ake yi a ƙasar nan da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, an saba kiran damo da guza «iguane», wasu kuma su ce wa damo «gueule-tapée». Sai dai babu iguwana ko ɗaya a dajin Mirriya, babu a Nijar, babu a duk faɗin babban yankin Afirka. Hausawa sun ce suna linzami ne. Wanda ya kama linzamin da ba shi ba kuwa, dokin wani zai ja.

Mai sunan na ainihi

Iguwana kore, wadda masana suka sa wa suna Iguana iguana, dabbar nahiyar Amurka ce. Ana samunta daga Meksiko har kudancin Barazil da Paraguwai, da wasu tsibiran tekun Karibiyan, kuma sunan ma daga harshen mutanen Taino na waɗannan tsibirai Sifaniyawa suka aro shi. Tsawonta kan kai mita ɗaya da rabi, wata har ta kusa mita 2, amma fiye da rabin tsawon wutsiya ce. Tana da jerin ƙayoyi daga ƙeya har bisa wutsiya, da wata fata mai reto a ƙarƙashin maƙogwaro wadda namiji ke bazawa yana gyaɗa kai idan yana kurari ko neman mace. A tsakiyar kanta akwai wani ɗan tabo mai jin haske da inuwa, kamar ido na uku, wanda ke sanar da ita idan shaho ya gilma ta sama.

Rayuwarta a bisa itace take, galibi itatuwan bakin kogi. Idan ta ji motsin abokin gaba sai ta saki reshe ta faɗa ruwa, ta yi iyo da wutsiya, ƙafafu manne da jiki. Idan aka kama ta ta wutsiya tana iya tsinke ta ta tsere, wata ta sake tsirowa, kamar yadda tsaka ke yi a ɗaka. Babban abin da ya bambanta ta da damo shi ne abinci: ganye take ci, da furanni, da ƴaƴan itace. Tun da narkar da ganye aiki ne mai wuya, a cikin hanjinta akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani masu yi mata wannan aiki, kuma an gano cewa ƴaƴanta kan lashi kashin manya don su sami irin waɗannan halittu. Gishirin da ya yi mata yawa a jiki kuwa ta hanci take fitar da shi, da atishawa. Macen takan haƙa rami a ƙasa mai yashi ta zuba ƙwai 20 zuwa 70, ta rufe, ta yi tafiyarta. Bayan kamar wata uku su ƙyanƙyashe.

Tana da juriyar tafiya mai ban mamaki. A watan Oktoba na 1995, bayan guguwar teku biyu da aka kira Luis da Marilyn, masunta a tsibirin Angwila sun ga tarin itatuwan da iska ta tumɓuke sun iso gaɓa ɗauke da iguwana aƙalla 15. Masana sun yi hasashen daga Gwadalup suka taso, tafiyar kimanin kilomita 300 a kan teku. Abin da ba ta iya jurewa shi ne sanyi: a jihar Fulorida ta Amurka, inda aka kai ta don kiwon marmari har ta bazu a gari tun shekarun 1960, idan ma'aunin zafi ya sauko wajen digiri 5 sai jikinta ya sandare, ta riƙa faɗowa daga itace kamar nunannen mangwaro.

To, yaya aka yi sunan dabbar Amurka ya sauka a kan damon Mirriya? Turawan jirgin ruwa da ƴan kasuwarsu sun fara sanin iguwana a tsibiran Karibiyan, daga nan duk ƙaton ƙadangaren da suka gani a wata ƙasa sai su laƙaba masa sunan. Haka suka yi a Afirka ta Kudu da Ostireliya, inda har yau ake kiran dangin damo da sunayen da suka samo asali daga wannan kalma. Sunan da ya dace a Faransanci shi ne «varan», shi kuma daga Larabci ya fito, daga kalmar waral. Akwai ma wani rikicin suna na biyu: dabbar da Larabawa ke kira labbu, wadda malamai kan fassara da damo, wata halitta ce dabam mai gajeriyar wutsiya mai ƙayoyi, wadda ake samu a duwatsun Abzin da hamada. Ita ce ma ke cin ganye kamar iguwana. Dangin iguwana mafi kusa da wannan yanki kuwa sai an ƙetare teku zuwa Madagaska.

Shekarar damo

Damo, wanda Bafaranshe Louis Bosc ya bayyana wa masana a 1792, ɗaya ne daga dangin varan guda uku da ke Nijar: shi, da guza na bakin ruwa, da wani na hamada a arewa. Tsawon babba bai cika wuce mita ɗaya ba. Jikinsa kakkaura ne, ƙafafunsa gajeru masu ƙarfi, faratansa na haƙa ne. Harshensa mai baki biyu ne kamar na maciji, kuma da shi yake shinshina: yakan zaro shi ya ɗauko ƙanshin abin da ke iska ko ƙasa, ya mayar da shi cikin wasu ƴan ramuka biyu a dasashin sama, nan take ya gane ko ƙwaro ne ya wuce ko abokin gaba. Jininsa ba ya ɗumama kansa, shi ya sa da hantsi ake ganinsa shimfiɗe a bakin rami ko a kan suri yana shan rana kafin ya fita kiwo.

Kirarin da Hausawa suka yi masa, damo sarkin haƙuri, ba a banza ba ne, kuma binciken masana ya gaskata shi. A shekarun 1970 Mamadou Cissé, wani masanin dabbobi na Dakar, ya bi rayuwar damo a Senegal, ƙasar da damina da raninta suka yi kama da na nan. Ya tarar cewa shekarar damo kashi biyu ce. Da damina, lokacin da ƙasa ta jiƙe, ƙwari suka fito, ba abin da yake yi sai ci. Abin da jiki bai buƙata ba ya zama kitse, ya taru a cikin ciki da gindin wutsiya. Da iskar hunturu ta fara kaɗawa, ciyawa ta bushe, sai ya shige rami, ko tsohon suri, ko kogon itace, ya kwanta. Wata biyar zuwa shida yana iya yi bai sa komai a baka ba, numfashi kaɗan-kaɗan, motsi sai dole, yana cin rumbun da ya tara a jikinsa har hadarin farko ya zubo.

A ƙasar Mirriya, inda damina ba ta cika wuce watannin Yuni zuwa Satumba ba, wannan dabara ita ce rai. Manomin da ya san darajar rumbu ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Akwai kuma wani abin lura: damo da gawo sun raba shekara a tsakaninsu. Gawo yakan zubar da ganye da damina, lokacin da damo ke yawo. Ya yi kore da rani, lokacin da damo ke kwance a ƙarƙashin inuwarsa.

Me damo ke ci? Nan ne maganar ta shafi mai gona kai tsaye. Mafi yawan abincinsa ƙwari ne: fara, da gyare, da buzuzu, da tsutsotsin da ke cikin ƙasa suna cin saiwa, da ƙadandoniya, da katantanwa, har da kunama. Wani lokaci ya haɗa da kwaɗo ko ƙwan tsuntsun da ya samu a ƙasa. Haƙoran baya na babban damo dakusassu ne, sun dace da fasa ɓawon katantanwa. Ƙadandoniya, wadda manoman gyaɗa suka san ɓarnarta ga iri da ƙwaya, tana fitar da wani ruwa mai ɗaci da ke korar yawancin dabbobi, amma damo na cinta da yawa. Wanda ya kira shi iguwana zai zaci ganyen garka yake ci, alhali kuwa masu cin ganyen yake ci. Ke nan kuskuren suna na iya mai da ɗan ƙodagon da ba a biya ya zama ɓarawo a idon mai gona.

Da damina ta ja baya ake barbara. Macen takan haƙa rami ta zuba ƙwai goma zuwa arba'in, farare masu taushin ɓawo, ta rufe da ƙasa. Ƙwan kan yi wata biyar ko shida a binne, wato su ma azumin rani suke yi, sa'an nan su ƙyanƙyashe daidai faɗuwar ruwa, lokacin da ƙananan ƙwari suka yawaita. Ɗan damo ba ya wuce taƙi guda ranar da ya fito, kuma ba uwa ba uba: shaho na jira, maciji na jira, tunku na jira. Kaɗan ne ke kai shekara.

Wajen kare kai, damo ba ya iya tsinke wutsiya kamar iguwana ko tsaka. Wutsiyar ita ce bulalarsa. Yakan kumbura, ya yi huci, ya zabga ta. In abin ya ci tura ya yi cizo ya riƙe. Wani lokaci kuma ya yi lamo kamar matacce har a rabu da shi. Wannan shirun da dauriya ga duka su ma suna cikin abin da ya sa aka naɗa shi sarkin haƙuri.

Dabbar da yara ke ja da igiya a lungun Mirriya ta ba masanan duniya mamaki har sau biyu. A 1999 wasu masu bincike a Amurka sun nuna cewa damo, idan yana gudu, yakan tura iska cikin huhu da maƙogwaronsa kamar famfo, abin da ke ba shi damar daɗewa yana tafiya ba tare da numfashi ya yanke masa ba kamar sauran ƙadangaru. A ƙarshen 2013 kuma masana na jami'ar Yuta suka bayyana cewa a cikin huhun damo iska gefe guda take bi tana zagayawa, kamar yadda take yi a huhun tsuntsu. Kafin ƴan shekarun nan an ɗauka tsuntsaye kaɗai ke da wannan baiwa.

Guza, ɗan'uwan bakin ruwa

Wanda ya matsa cikin fadama, wajen tabkuna da rijiyoyin garake, ko ya ƙara gaba zuwa kwarin Korama da tabkin Gidimuni, can ne zai iya jin faɗawar wani abu cikin ruwa kafin ya gan shi. Guza ke nan. Ya fi damo tsawo nesa, domin babba kan kai mita 2, kuma babu ƙadangaren da ya fi shi tsawo a Afirka. Siriri ne, baƙi-baƙi da zanen rawaya, wutsiyarsa a matse take gefe da gefe kamar filafilin kwale-kwale. Yana iyo, yana nutso, yana hawa itace. A wajen zama a bakin ruwa da faɗawa cikinsa in an firgita shi, shi ne ya fi kama da iguwana. A wajen ci kuwa sun yi hannun riga. Kifi, da kwaɗi, da ƙaguwa, da ɓeraye, da mushe, da ƙwan kada inda akwai kada, duk nasa ne. Gaskiya ce kuma yakan shiga akurki ya kwashe ƙwai da ƴan tsaki, shi ya sa matan karkara ba su ga-maciji da shi, kuma sau da yawa laifinsa kan shafi damo.

Macen guza tana da wata hikima. Da damina, lokacin da suri ya yi taushi, takan fasa shi ta zuba ƙwanta a ciki, har wajen 60 in babba ce. Gara ta tashi ta liƙe ɓarakar, ba tare da ta san ta zama mai reno ba. A cikin surin akwai ɗumi da laima da ba su sakewa, babu mai iya kai wa ƙwan hari, har ranar da ƴaƴan za su fasa su fito. Duk surin da aka rushe a bakin fadama, wataƙila ɗakin haihuwa ne aka rushe.

Nama, fata da kasuwa

Dangantakar Bahaushe da damo tsohuwa ce. Ana cin namansa, masu ci kuma suna yabon daɗinsa. Masu maganin gargajiya na neman kitsensa. Dukawa na aiki da fatarsa da ta guza wajen jaka, da takalmi, da kube. Mai goge da mai kukuma kuwa da irin wannan fata suke rufe ƙwaryar abin kiɗansu, domin sirantarta da ƙarfinta ne ke ba tsirkiya zaƙin murya. Damagaram, wadda ta yi suna wajen jima da dukanci tun zamanin ayarin da ke zuwa Tarabulus, ta san darajar fata fiye da a gaya mata.

Muddin abin ya tsaya ga tukunyar gida da ƙwaryar makaɗi, daji na iya ɗauka. Abin ya sake ne da kasuwar duniya ta shigo. A ƙarni na 20 an yi ta fitar da fatun guza daga ƙasashen Sahel zuwa Turai, ana yin madaurin agogo da jakunkunan mata da su. Daga baya aka buɗe wata kasuwar, ta masu kiwon marmari: daga Gana, da Togo, da Benin, ana fitar da dubban ƴaƴan damo da rai kowace shekara zuwa Amurka da Turai, inda da yawansu ke mutuwa da wuri saboda ana ɗura musu nama shekara zagaye, su da aka halitta don cin ƙwari da azumin rani. Saboda irin wannan ciniki ne aka ƙulla yarjejeniyar CITES a birnin Washinton a 1973, wadda Nijar ta shiga a 1975. Damo, da guza, da ita kanta iguwana kore duk suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar, wato ba a ƙetare iyaka da su ko da fatarsu sai da takardar izini. Varan na hamada kuwa yana jeri na farko, wanda aka hana cinikinsa. A cikin gida, doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta tsara farauta da kare namun daji.

Abin dariya, iguwana da guza da ba su taɓa haɗuwa a dajin Allah ba, sun haɗu a Fulorida. Tun wajen 1990 guzan da suka kuɓuce wa masu kiwo suka kafa zuri'a a magudanan ruwan garin Cape Coral, kuma binciken jini ya nuna daga Afirka ta Yamma kakanninsu suka fito. A 2021 hukumomin jihar suka sa su biyun cikin dabbobin da aka hana shigowa da su da sayar da su. Abin da ke da amfani a gidansu ya zama annoba a gidan wani.

Abin da ke hannun mutanen Mirriya

A lissafin masu kula da halittun duniya, damo ba ya cikin dabbobin da ke gab da ƙarewa. Amma wannan lissafi na nahiya ne gaba ɗaya. Ba ya hana dabba ta ɓace daga ƙauye guda ko kwari guda. Yanayin rayuwar damo kuwa ya sa lokacin da ya fi sauƙin kamawa shi ne lokacin da kama shi ya fi ɓarna. Da kaka ya fi ƙiba, ya fi nauyin jiki, kuma a lokacin ne mata ke ɗauke da ƙwai: wanda ya kashe mace guda ya kashe ashirin ko talatin. Da rani kuma yana kwance ba ƙarfi, kare ya shinshino ramin, a sa hauya a tone, ko a cinna wa kogon itace wuta, a yi asarar damo da itacen gaba ɗaya.

Mutanen wannan yanki sun riga sun nuna wa duniya cewa sun iya mayar da abin da ya tafi. Bayan farin 1973 da na 1984, gonaki sun yi fayau, iska na kwashe ƙasa tana binne shuka. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa a gonakinsu, suka riƙa zaɓe suna gyarawa, abin da ake kira sassaben zamani. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 a yankunan Magarya, da Matamaye, da Mirriya ya ƙiyasta kimanin hekta miliyan ɗaya da itatuwa suka komo, galibinsu gawo. A faɗin kudancin Nijar kuwa ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. A kewayen Mirriya har kuka ta zama dukiya, ana gadonta, ana sayar da ganyenta buhu-buhu. Ba da umarnin wani ofishi aka yi wannan aiki ba. Manomi ne ya duba ya ga itace ya fi masa amfani a tsaye.

Irin wannan duban ne damo ke jira. Shi ba dabbar ƙungurmin daji ba ne. Binciken da Daniel Bennett ya yi a Gana a shekarun 1990 ya nuna yana jin daɗin zama a gonaki, in dai akwai rami, da inuwa, da ƙwari. Itatuwan da suka komo sun ba shi kogo da laima. Abin da ya rage ba ya cin kuɗi: a ƙyale mace mai ciki da kaka, a bar ƙanana su girma, a bar suri a gefen gona, a daina sa wa kogo wuta, a toshe ƙofar akurki da dare maimakon kashe duk mai wutsiya da aka gani. Malamin lakwal kuma, idan ya zo darasin dabbobi, ya rubuta «varan» a allo, ya rubuta damo da guza a gefensa, ya gaya wa yara cewa iguwana tana can ƙetaren teku tana cin ganye.

Da la'asar sakaliya kasuwar Mirriya takan fara watsewa. A ɗaure tukwanen da aka saya cikin kara a ɗora bisa mota, mata su kama hanyar ƙauyukansu da ƙwarya a ka, masu garake su koma ban ruwan marece. A can gefen wata gona, ƙarƙashin gawon da ya fara sabon ganye, akwai rami mai faɗin tafin hannu da sawun wutsiya a bakinsa. Mai shi ya shiga, ba zai fito ba sai ya ji ƙanshin ruwan fari. Ko zai kai wannan rana, amsar tana wurin yaran da ke da kare, da dattijon da zai ce musu su bari.